Inda muka kwana da robar baba a Marwa

'Yan uwa masu koyon rini, ga inda aiki ya kai. Wannan zama na Marwa ya tara masu rini, masu zanen yadi da ɗaliban kimiyyar sinadarai a rumfa ɗaya, littafin rubutu ma ɗaya. Sharaɗin shi ne duk abin da marini ya gane da ido ko da hanci, sai ɗalibi ya auna ya rubuta lamba a gefensa.

Robar gwaji mai lita 20 ce. Mun zuba busasshen ganyen baba, wanda ake samun shuni daga gare shi, kilo 2 da aka daka, muka cika da tataccen ruwan toka, sannan dusa cikin tafi ɗaya. Dusar abincin ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da ganyen ne. Su ke cinye iskar oksijin da ke ruwan, sai shunin ya narke, tunda shi a karan kansa ba ya narkewa. Shi ya sa ruwan da ya nuna za ku gan shi kore-kore a ƙasa, sama kuma kumfa mai sheƙin jan ƙarfe.

Inda haɗin gwiwar marina da ɗalibai ya fi amfani shi ne wajen mutuwar ruwa, wato lokacin da ruwan ya daina rini. Marini ya murza da yatsu ya ce santsi ya tafi, wari ya koma tsami. Takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsami da ƙarfin toka a ruwa, ta nuna an sauko daga 10.5 zuwa ƙasa da 9. Ashe magana ɗaya suke yi: ruɓewar ce ke haifar da tsamin da ke cinye ƙarfin toka. Maganin, a ƙara ruwan toka kaɗan-kaɗan, a juya a hankali, a sake aunawa da safe. Kada ku zuba da yawa lokaci guda, in lambar pH ta haura 11 ƙwayoyin sai su kwanta. Mai ido dai ya fi takarda saurin ganewa, amma lambar ce ɗan koyo zai iya ɗauka ya tafi da ita gida.

Sai zafi. Ruwan na son digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Celsius, sanyin daren hunturu kuwa na tsayar da shi cak. Mun binne robar har wuya, wato dabarar karofi ke nan tun kaka da kakanni.

Yadin kanti a tafasa shi tukuna don sitaci ya fita, in ba haka ba rini zai yi dabbare-dabbare. A tsoma shi da danshinsa minti 3, ana murzawa a ƙarƙashin ruwa, a shanya minti 15 har koren ya juye shuɗi. Wanda ya jiƙa yadi ya daɗe don neman duhu, shunin a sama zai tsaya ya riƙa zuba a jiki. Duhu daga maimaici yake zuwa.

Gwaji na gaba: tokar karan dawa da ta itace, roba biyu gefe da gefe.