Godiya bayan sallamar Baba

Alhamdu lillahi, an sallami Baba daga asibiti bayan ciwon zuciyar da ya kwantar da shi. Yana gida, a zaune yake salla amma da kansa yake alwala. Duk wanda ya biyo mu tun daren da aka ɗauke shi ya san nauyin wannan magana, ba sai na maimaita ba, kuma gaskiya ba ni da ƙarfin maimaitawa. Saƙonninku suna nan jibge a waya, wannan ya zama amsa ga kowa.

Akwai wadda zan fara da ita, ko da yake ba na jin za ta ga rubutun nan: ƙaramar likitar da ke aikin dare a ɗakin maza. Bayan an ce zuciyar ta ɗan lafa, na karɓo takardar gwajin jini, sai na ga wani layi an rubuta CRP, adadinsa ya haura 40, alhali a gefe an nuna bai kamata ya wuce 5 ba. Na zauna a benci, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. A raina na gama cewa shi ke nan, ɓoye mana kawai ake yi. Likitar tana wucewa da fayil ta gan ni, ta dawo, ta zauna kusa da ni ta ce, "Hajiya, kawo in gani."

Ta ce hanta ce ke fitar da wannan sinadari duk lokacin da aka sami kumburi a jiki, ko daga maleriya, ko ciwon haƙori, ko rauni. Wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe kuwa, naman zuciyar da ya ji ciwo shi kansa yana sa adadin ya hau, ya kai ƙololuwa cikin kwana biyu zuwa uku, sannan ya sauko. Saboda haka ba da adadin wannan dare ake yanke hukunci ba. Sai jiki ya huta, bayan makonni, a sake da gwajin da ya fi gano ƙaramin kumburi. A can ne ake cewa ƙasa da 1 haɗari kaɗan ne, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 kuma a ƙara sa ido, domin wannan kumburin da ba a ji, ba a gani, yana da hannu wajen taruwar kitse a bangon jijiya da fashewarsa.

Ba ta tsaya nan ba. Ta nuna mini awon jinin Baba, 170 bisa 70, ta ce in dubi tazarar da ke tsakani. In ta haura 60 a dattijo, alama ce manyan jijiyoyi sun yi tauri. Kamar tiyon ruwa ne, in ji ta: sabo yana buɗewa ya karɓi ƙarfin ruwa, wanda ya sha rana kuwa ya sandare, sai famfo ya sha wahala. Shekaru, hawan jini da ciwon suga su ne suka haɗu a kan Baba. Akwai ma na'urar da ke auna gudun bugun jini daga wuya zuwa matsematsi, in ya wuce mita 10 a sakan ɗaya an tabbatar da taurin, sai dai ba kowane asibiti ke da ita ba. Duk wannan tsakar dare, ga marasa lafiya suna jiranta, kuma ba ta sanni ba. Ban fahimci komai a lokacin ba, amma na tashi da ƙafafuna. Allah Ya jiƙan iyayenta in sun rigaye, in suna raye Ya ja da ransu su ci moriyarta. Allah Ya ba ta miji nagari da zuri'a mai albarka, Ya tsare ta daga sharrin dare da na rana.

Na san an ce alheri ba a tallansa, amma a bar ni. Kawu na Fagge, da ya biya kuɗin gwaje-gwaje ya ce kada a faɗa, to na faɗa. Goggo, da ta koyi girki ba dunƙule ba kanwa, gishiri ɗan kaɗan, tun da aka ce a yini kada ya kai giram 5, ƙasa da cikin ƙaramin cokali, ta jure mitar Baba a kan miyar lami. Maƙwabcinmu mai adaidaita sahu da ya ƙi karɓar ko sisi. Liman da jama'ar masallacin unguwa. Nas-nas da masu shara. Allah Ya biya muku bukatunku na duniya da lahira, Ya sa kada ku ga irin wannan dare a kan naku, Ya haɗa mu a Aljanna Firdausi.

Waɗanda Baba ya riƙa tambaya yana kallon ƙofa, mu muna cewa suna hanya, Allah Ya ba su uzuri. Kano ba ta da nisa da Kano. Ba zan ƙara ba.

Masu son zuwa dubiya, sai bayan La'asar, a taƙaita zama. Don Allah kada a kawo kilishi, kada a kawo jiƙo, kada kuma a ba shi maganin ciwon jiki na kemis irin su diclofenac ko da ya roƙa, kuma zai roƙa. Likita ya ce suna tayar da hawan jini, suna kuma karo da maganin tsinka jinin da yake sha. Akwai sauran gwaji a gaba, a ci gaba da sa mu a addu'a.