Kalmomi uku da na fassara ba a aike ni ba

Watana huɗu da fara aiki a wani ɗan sitidiyon fassarar fina-finai a Kano aka miƙo mini wani tsohon fim ɗin Amurka, baƙi da fari. Abincinmu na kullum fim ɗin Indiya ne, sai jefi-jefi na Cana. Wannan kuwa wani mai sha'awar tsofaffin kaya ne ya biya kuɗinsa ya ce a juya masa shi zuwa Hausa. Ni aikina rubutu ne. In saurara, in rubuta Hausar, in rage ta ko in ja ta har ta zo daidai da motsin baki, sannan masu ɗora murya su shiga ɗaki su karanta.

Fim ɗin shi ne The Day the Earth Stood Still na 1951, wanda Robert Wise ya ba da umarni. Wani baƙo daga wata duniya mai suna Klaatu ya sauko da jirginsa mai kama da faifai a tsakiyar birnin Washinton, tare da wani ƙaton mutum-mutumin ƙarfe, Gort. Gargaɗi ya kawo: 'yan Adam sun mallaki makamin nukiliya, in suka kuskura suka kai rigimarsu sararin samaniya, za a mayar da duniyarsu toka. Don a san ba wasa ya kawo shi ba, sai ya ɗauke wutar duniya na rabin awa, motoci da injuna suka tsaya cak, ban da asibitoci da jiragen da ke sama. Can wajen ƙarshe, sojoji na farautarsa, suna cikin tasi ya ce wa wata bazawara mai suna Helen, in wani abu ya same shi, ta je wurin Gort ta faɗa masa kalmomi uku: Klaatu barada nikto.

Na mayar da wurin baya ya fi sau goma. Na duba rubutun ƙasan allo, kalmomin ne dai suka dawo mini yadda suke. To a lokacin ina ganin babu abin kunya ga mai fassara kamar ya bar gurbi, a ce ga abin da ya fi ƙarfinsa. Sai na dubi abin da ya biyo baya. An harbe Klaatu, Helen ta faɗi kalmomin, Gort ya fasa ɓarnar da ya tashi yi, ya je ya ɗauko gawar maigidansa ya farfaɗo da shi. Na rubuta: "Klaatu ya ce ka dakata, kada ka halaka su." Wadda ke yi mana muryar mata ta karanta tsaf, har ina jin daɗin kaina.

Da yamma oga ya zauna duba aiki, abin sauraro a kunne, kofin shayi na hucewa a gefensa. Da ya zo wurin sai ya tsayar.

"Kai, wa ya gaya maka abin da ake nufi ke nan?"

"Oga, ai abin da ya faru bayan nan ya nuna."

"Na ji. Ita matar fa, ta sani?"

Na yi shiru. Ya sake kunna wurin, ya kashe sautin, ya ce in kalli fuskarta kawai. Patricia Neal ce ta fito a Helen. Ta ja da baya har ta faɗi, murfin idon Gort na buɗewa a hankali, hasken da yake narkar da tankokin yaƙi na shirin fitowa. Bakinta na rawa take maimaita abin da aka ba ta hadda, ba ta san ma'anarsa ba, ba ta da tabbacin ta faɗa daidai. Duk tsoron wurin a nan yake, mai kallo ma bai fi ta sani ba. Ni kuwa da Hausata mai kyau na mayar da ita uwar ɗakin Gort, tana ba shi umarni kamar ta aiki yaro kasuwa.

Edmund North da ya rubuta fim ɗin bai fassara kalmomin ko'ina a cikinsa ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Tun muna yara ake rufe mana tatsuniya da "ƙurunƙus", ban taɓa jin yaron da ya tsayar da kakarsa ya ce sai an faɗa masa ma'anarta ba. Aikinta muka sani, kuma ya ishe mu. Ina ma zargin rashin fassarar ne ya ja wa kalmomin nan uku tsawon rai. A fim ɗin Star Wars mai suna Return of the Jedi na 1983 akwai wasu halittu da aka raɗa wa Klaatu da Barada da Nikto. A Army of Darkness na 1992 an ba jarumin kusan kalmomin nan a ce ya karanta kafin ya ɗauki wani littafin tsafi, ya manta ta ƙarshe, ya yi tari a wurinta don ya wayance, matattu suka tashi. Da tun farko an ce ma'anarsu "dakata", da an binne su tare da 1951.

Daga nan kuma sai na zarce. Na ɗauka duk maganar baƙin sama a fim surkulle ne, a bar shi yadda ya zo. Karatu ne ya kwance ni. Harshen Klingon, na wasu baƙin sama a fina-finan Star Trek, ya faro ne da 'yan kalmomin da ɗan wasa James Doohan ya ƙirƙira a fim ɗin 1979, amma a na 1984 aka ɗauko masanin harshe Marc Okrand ya gina masa nahawu, a 1985 har ƙamus ya fito. Ya juya jimlar da gayya, abin da aka yi wa aiki a farko, aikatau a tsakiya, mai aikin a ƙarshe, tsarin da ba kasafai ake samu a harsunan mutane ba. Abin da ya fi kusa da gaisuwa a wurinsu shi ne "nuqneH", wato me kake so. Ka duba wannan a kunnen mutumin da sai ya tambayi gida da gajiya da sanyi kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Irin wannan, in mai fim ya sa fassara a ƙasan allo, ya ba mai kallonsa ma'ana, ni ma dole in ba nawa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Nien Nunb, wani matuƙin jirgi a Return of the Jedi. Wani ɗalibi ɗan Kenya, Kipsang Rotich, shi ya yi muryarsa, kuma ya yi amfani da harshen Kikuyu. Ba'amurke na jin yaren wata duniya, masu kallo a Kenya kuwa suna jin harshen gida. Ban yi saurin zargin masu fim ɗin ba, don na tuna yadda mu ma muke tattara duk harshen da ba mu ji mu ce "yare", kamar namu ba shi ba ne. Tun daga nan, kafin in rubuta "a bar shi" a gefen takarda, sai na bincika ko abin da nake kira surkulle harshen uwar wani ne.

Washegarin ranar da oga ya tsayar da ni muka sake ɗaukar wurin. Mai muryar ta shiga ɗaki, ta gyara mayafi, ta matso kusa da makirufo ta ce, "Kulatu barade nikito."

"Ƙanwata, barada ne, ba baraden sarki ba," in ji oga.

Ta fashe da dariya. Sau biyar muna yi tana dariya, ashe ita ma Patricia Neal ta taɓa faɗin cewa da ƙyar take danne tata a lokacin ɗaukar fim ɗin. A na shida barada ta fito daidai, amma Kulatu da nikito suka ƙi gyaruwa, don harshen Bahaushe ba ya son irin waɗannan baƙaƙen su haɗu ba wasali a tsakani. Na ɗaga hannu zan ce a sake. Oga ya riƙe mini hannu.

"Bar ta. Ai ita ma waccan hadda aka ba ta a cikin tasi."