Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ɗan Yayata Ya Ce Zai Tafi Haƙar Zinari

Makon jiya na tsaya a inda Allah ya hore mini teburin agashe, wato tsiren Sudan, a kudancin Khartum, har na ɗauko ɗan yayata daga garinmu Maiwurno ya zauna a wurina saboda karatun jami'a. Yau zan shiga shekarar 2015. Sai da na nemi izinin Yaya kafin in rubuta wannan kashi. Ta ce in rubuta, amma kada in kama sunansa.

Mai agashe ba ya rasa labarin gari. Daga magariba zuwa tsakar dare mutane na kan benci suna jiran nama ya gasu, baki kuwa ba ya hutawa. A watan Maris na wannan shekara hira ɗaya ce a bakin kowa: wasu matasa 9 masu takardun Birtaniya, ɗalibai da sababbin likitoci daga wata jami'ar likitanci mai zaman kanta a Khartum, maza da mata, sun hau jirgi zuwa Turkiyya sun tsallaka Siriya wurin ƙungiyar Da'ish, wato ISIS. A watan Yuni wasu 12 suka bi sahunsu. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne ko 'ya'yan su wane ne. 'Ya'yan manyan likitoci ne, sun tashi a Ingila, iyayensu suka maido su gida don su san addini da dangi. Ba yunwa ta kore su ba. Iyayen suka bi su har bakin iyakar Turkiyya da Siriya suna roƙo su dawo.

Kowa da wanda yake ɗora wa laifi. Matasa su ce intanet ce. Wani dattijo direban babbar mota da ke zuwa wurina kullum ya ce kada a raina masa hankali, wa ya saukar da Usama bin Ladan a unguwar Riyad daga 1991 zuwa 1996, aka ba shi gonaki da kwangilar hanya, har Amurka ta sa sunan ƙasar nan cikin masu goyon bayan ta'addanci a 1993? In ya zo nan sai ya rage murya, domin a zamanin Shugaba Umar al-Bashir bango ma yana da kunne. 'Yan ɗariƙa kuma suka ce Ansarus Sunna, 'yan Salafiyyar Sudan, ne suka share wa abin hanya. Ranar da aka faɗi haka a gaban wani maƙwabcina ɗan Ansarus Sunna, sai da jikinsa ya yi rawa don ɓacin rai. Ya ce masallacin wa aka buɗe wa wuta a unguwar Sawra ta Umdurman a 1994? Masallacin wa aka shiga a Jarafa cikin azumin 2000 aka kashe sama da mutum 20 suna salla? Nasu ne. Masu kafirta jama'a da su suka fara. Gaskiyarsa ce, ni ma na shaide shi.

Mu Hausawa kuwa rabonmu a wannan muhawara daban ne. Tun da aka sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014, aka kuma kama wani ɗalibi ɗan Najeriya a nan Sudan bisa zargin hannu a harin bam na Nyanya a Abuja, sai ya zama in ka yi Hausa a cikin mota wani ya juyo yana dariya ya ce, "Ya Boko Haram!" Shi a wurinsa wasa ne. Ni da aka haife ni a bakin kogin Bahar Azraƙ, reshen Nilu, aka haifi mahaifina a can, ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba.

Duk wannan hira da ake yi, yaron yana gefena yana yanka albasa yana barbaɗa ƙuli da yaji a kan nama, ba ya tanka wa kowa. Kada wani ya ce gemu ne ko ɗage wando ya nuna shi. Rabin samarin unguwarmu haka suke, kuma da yawansu mutanen kirki ne masu jin ƙan iyayensu. Abin da na gani daban ne. Ya daina bin limamin unguwa salla, wai albashin gwamnati yake ci. Ya daina cin abincin suna da na biki. Da can in ya kira uwarsa sai katin wayar ya ƙare suna dariya, sai ya koma gaisuwa biyu ya kashe. Wata rana na ji da kunnena yana ce mata wazifar da take yi tun kafin a haife shi za ta kai ta wuta.

Na karɓe wayar na ce, "Kai, uwarka kake faɗa wa haka?"

Ya ce, "Kawu, gaskiya ba ta san uwa ba."

Na kai shi wurin wani malami mai zurfin karatu, suka yi zama uku ko huɗu. Malamin ya kawo masa hadisin mutumin da ya nemi izinin fita jihadi, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa na raye, ya ce ya koma ya yi jihadinsa a cikin hidimarsu. Yaron ya saurara cikin ladabi, ya yi godiya. A hanyar gida ya ce mini malaman fada ne duk haka suke magana. A nan na fahimci yadda mutanen nan suke aiki. Kafin su koya wa yaro komai, sai sun fara ɓata masa duk wanda zai iya hana shi: uwa, kawu, limami, malami. In suka gama, babu sauran muryar da yake yarda da ita sai wadda ke cikin wayarsa da dare.

Bayan Babbar Salla ya ce zai ajiye karatu na zango ɗaya ya tafi haƙar zinari wajen Abu Hamad ya tara kuɗin makaranta. Samari da yawa suna yin haka, ba wanda zai ga baƙon abu. Ya wanke mini tire da wuƙaƙe tas, ya gyara ƙafar bencin da ta karye, ya ɗauki jaka ɗaya ya fita bayan asuba. Shiru, shiru, waya a kashe. Sai wani dare ina tsaka da juya nama saƙo ya shigo ta WhatsApp daga lamba mai farawa da 218, lambar Libiya. Ya ce yana lafiya, yana Sirte, kada a neme shi, in roƙar masa gafara wurin Inna. A lokacin Sirte tana hannun Da'ish.

Ban iya faɗa wa Yaya a waya ba. Na ce ta zo ba ni da lafiya. Na tarye ta a tashar mota ta Minal Barri, tana saukowa daga motar Sinnar da ƙullin kuɓewa busasshiya da gyaɗar da ta soya masa. Ta dube ni ta ce, "Kai lafiyarka ƙalau. Ina yarona?" A nan bakin tasha na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan ƙullin kayanta tana ta innalillahi, ta ce in sake karanta mata saƙon, in sake.

Iyayen likitocin nan, Allah ya ba su haƙuri, sun sha ɗacin da muka sha. Amma su suna da fasfo, suna da lauyoyi, sun yi magana da 'yan jarida, duniya ta ji kukansu. Yaya ba ta da ko bakin faɗa wa maƙwabciyarta. In aka tambaye ta sai ta ce yana wurin zinari. Tsoronmu biyu ne: jami'an tsaro su kwashe sauran samarin gidan, da kuma a ce ai dama Hausawa ne.

Cikin wannan hali wani ma'aikaci ya zauna a bencina yana cin agashe yana cewa duk wanda ya tafi a ƙwace jinsiyarsa, a kori danginsa ma su bi shi. Na ƙulle masa namansa na yi shiru, hannuna na rawa. Shi bai san nauyin wannan magana a kunnen Bahaushen Sudan ba. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka biyo ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, Muhammadu Bello Maiwurno, suka kafa garinmu a kudu da Sinnar. Da guminsu aka noma audugar manyan gonakin Jazira. Amma dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai wanda asalinsa ke nan tun ƙarshen 1897. An sassauta dokar daga baya, duk da haka har a zamanina in ka je neman takarda sai an ce kawo shaidar kakanka. Saboda haka ko a 2019 da Birtaniya ta ƙwace wa Shamima Begum, yarinyar da ta gudu daga Landan zuwa wurin Da'ish, takardar zama 'yar ƙasa, mutane na tafi, ni ban tafa ba. Wanda ya ɗauki makami ya zubar da jini a kama shi, a kai shi gaban alƙali a ƙasarsa, ya girbi abin da ya shuka, ko da ɗan yayata ne. Amma a nan aka haife shi, a nan ya yi karatu, a nan aka juya masa kai muna kallo. Ƙasa ba za ta ce ba ta san shi ba.

Yaya ce ta yanke shawarar da na kasa yankewa. Ta ji a rediyo cewa gwamnati na haɗa samarin da aka kama da malamai, su yi ta zama da su har su sauka daga wannan aƙida, abin da ake kira muraja'a, wasu ma an sake su. Ta ce in dai akwai ƙofar dawowa, gara hukuma ta ji daga bakinmu da ta ji daga bakin wani. Na ce, "Yaya, in suka riƙe ni fa?" Ta ce, "To sai su riƙe mu tare."

Washegari ta ɗaura tob ɗinta, wato lafaya, na zuwa biki, na sa jallabiyata fara, muka hau raksha, wato keke mai ƙafa uku, zuwa ofishin hukuma. Jami'in da ya karɓe mu ya buɗe littafi, ya rubuta sunana da na mahaifina. Kafin ya tambayi sunan yaron, sai ya ce, "Wace ƙabila?"

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan faɗi yadda muka ƙare da su, da kiran da ya shigo wayar Yaya a watan Mayun 2016, lokacin da mayaƙan birnin Misrata na Libiya suka fara yi wa Sirte ƙawanya.