Notin da ban ɗaure ba a Magazin

Gobe zan kwashe akwatin sifanuna daga garejin da na shekara shida a cikinsa a Suame Magazin, unguwar makanikai a Kumasi ta ƙasar Gana. An yi addu'a, Maigida ya sa mini albarka, na gode. Amma maganar noti ɗaya ta ƙi barin raina.

A shekarata ta biyu ne. Na juye baƙin mai a wata mota ƙirar Sprinter mai zuwa Tamale, na murɗa notin ƙasa da hannu, aka aike ni, na dawo ban sa masa sifana ba. Kafin Techiman mai ya tsiyaye, inji ya buga. Maigida ya tara yara, har da mai koko tana tsaye da bokitinta, ya fara: "Kai wane irin jaki ne?" Daga baya aka ce mini wai a tsakiyar faɗan ya yi bayanin yadda ake bin aiki kafin a sauke mota daga jak. Wallahi ban ji ba. Zufa kawai nake ji tana gangara a bayana, zuciya tana dukan uku-uku.

Ƙanwata mai aikin jinya ce ta warware mini. Ta ce, "Yaya, ba taurin kai ba ne." Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa, amigdala, mai gadin haɗari. Idan aka ci mutuncin mutum, sai ya tayar da jiki kamar an biyo shi da adda, sinadarin adirenalin da na kotisol su kwarara, sashen goshi mai nazari da riƙe bayani ya yi sanyi. A 2003, wata mai bincike, Naomi Eisenberger, a Amurka ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da aka ware daga wani wasan ƙwallo na kwamfuta, ta ga wurin da ya motsa yana cikin wuraren da ke motsawa idan jiki ya ji ciwo. Wasa ke nan fa, balle a gaban mai koko.

Washegari babban yaron gareji ya ja ni ƙarƙashin mota, ya ce, "Ƙanena, notin da ka taɓa, kada ka tashi sai ya ji sifana." Wannan maganar ce ta zauna mini. Tun ranar babu injin da ya sake bugawa a hannuna.

Sauran darussan gajeru ne: ƙirga kayan aiki kafin magariba, kada ka karɓi kuɗin direba a bayan idon Maigida.

Makon jiya sabon yaro ya bar murfin lagireto a buɗe. Na ji "jaki" ta taso mini har maƙogwaro. Na bari sai da muka idar da la'asar, sannan na kira shi bayan mota.