Hanyar baƙin mai a jikin tsohuwar Porsche 911

Tsohuwar Porsche 911 SC ƙirar 1980 da muke tayarwa a garejina da ke kan hanyar Ringim zuwa Taura ta kai matakin da ya fi kowane cin rai, wato shimfiɗa bututun baƙin mai. Mai motar, wani Alhaji da ya gaje ta daga mahaifinsa, ya ɗauka cewa da zarar an ɗaura inji an yi fenti to magana ta ƙare, amma a wannan mota bututun mai ne ke yanke hukuncin ko injin zai kai bazara ta gaba.

Kamfanin Porsche na Jamus ya fito da 911 a 1963, kuma har zuwa 1998 injinta ba ya amfani da ruwa. Wannan ne ke sa bakanikenmu ya yi mata kallon Volkswagen Beetle, wadda iyayenmu ke kira Ladi ba kya shan ruwa, tunda ita ma injinta yana baya kuma iska ce ke sanyaya shi. Sai dai Beetle tana ajiye kimanin lita biyu da rabi na mai a ƙasan injinta, ita kuwa 911 tana ɗauke da fiye da lita 10, kuma ba a cikin inji man yake kwana ba. Yana da tankinsa daban a cikin madigadin baya na hannun dama. Famfo ɗaya yana jawo shi daga tanki ya tura shi cikin inji, ɗayan kuma yana kwashe wanda ya gama aiki ya kora shi waje. Idan man ya yi zafi, sai tamostat da ke kusa da tayar baya ta dama ta buɗe masa hanya ya bi dogon bututun tagulla ta ƙarƙashin ƙofa har zuwa madigadin gaba, inda zai sha iska, sannan ya dawo ta bututu na biyu ya ratsa filta ya koma tanki. Aikin da ruwan lagireto ke yi a Peugeot 504, a nan mai ne ke ɗaukar kaso mai yawa daga cikinsa.

Da muka kwance tsofaffin bututun, mun tarar an lotse ɗaya a tsakiya, inda wani ya taɓa kafa jak ba tare da ya leƙa ƙasa ba. Irin wannan lotsewa ba ta ɗiga, saboda haka ba wanda ke lura da ita, amma tana shaƙe mai ta rage yawan wanda ke isa gaba. A ƙasar sanyi mota za ta iya shekaru a haka. A nan kuwa, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, allurar zafi za ta hau tun kafin a isa Gujungu.

Alhaji ya zo da shawarar da ya ji a wajen wani. Ya ce, "Malam, me zai hana a cire tamostat ɗin nan gaba ɗaya, kamar yadda ake yi wa sauran motoci, a haɗa tiyon tarakta kai tsaye?" Na ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan dabara ta motar ruwa ce, kuma ko a can ban yarda da ita ba." Tamostat ɗin tana buɗewa ne idan mai ya wuce digiri 80 da ɗan wani abu. Kafin nan man yana da kauri, musamman da asubar hunturu, kuma idan aka tilasta masa bin wannan doguwar hanya yana da sanyi, matsin da zai taru na iya fasa tiyo ko ya buɗe mahaɗa, sannan injin ya daɗe bai ɗau ɗumin da yake buƙata ba. Tiyon tarakta kuwa yana da ƙarfi, babu musu, amma bakin ƙarfen da ake matse masa yakan tsuke ramin, ga shi roba ba ta fitar da zafi kamar yadda tagulla ke yi a duk tsawon tafiyar. Wanda ya maye tagulla da roba ya zubar da wani ɓangare na sanyayawar da hannunsa.

Wurin da ya fi neman haƙuri shi ne manyan notocin da ke ɗaure bututun a jikin tamostat. Notin ƙarfe ne, gidan tamostat kuwa alminiyam, kuma bayan shekaru arba'in da ɗoriya sukan manne da juna. Duk wanda ya sa dogon sifana ya danna da ƙarfi, zaren alminiyam ɗin zai biyo notin ya fito. Abin da ya fi shi ne a jiƙa da man kwance tsatsa, a ɗan gasa, idan ya ƙi a tsaga notin a hankali a ceci gidan, domin samun wani a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ba abu ne da za a dogara da shi ba.

Wajen mayarwa mun bi hanyar da kamfani ya shata, ba mu gajarta ko'ina ba. Kowane maƙali sai da muka sa masa robarsa, don kada bututun biyu su goga juna ko su goga bodi, domin girgizar hanyar burji tana iya cinye tagulla har ta huda. Ba a ɗaure noti ko ɗaya tamau sai dukkan mahaɗai sun zauna da hannu. A gaba an murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu an tabbatar taya ba ta taɓa komai, a baya kuma an nisanta tiyo daga salansa. Na ƙara wata 'yar garkuwa a bayan tayar gaba saboda tsakuwa, kuma ita kaɗai ce abin da na sa wanda ba na kamfani ba.

Kafin a zuba sabon mai sai da aka wanke cikin bututu da tanki aka busar, domin ɓurɓushin tsohon inji yakan maƙale a ciki ya shiga sabon injin. Awon man ma yana da ƙa'idarsa: ana duba shi ne injin yana silo, ya yi zafi har tamostat ta buɗe, motar kuma tana tsaye a wuri madaidaici. Na nanata wa direban Alhaji wannan, domin wanda ya auna inji a kashe zai ga kamar babu mai, ya ƙara, man ya yi ambaliya ya shiga hanyar iskar inji, motar ta kama hayaƙi.