Godiya bayan sujadar sake buɗe majami'armu

'Yan uwa cikin Kristi, tun ranar Lahadi nake son rubuta wannan amma gajiya ta hana ni, sai yau. Baba Bishop ya zo ya yi addu'a ya sake buɗe mana ƙaramar majami'armu bayan watannin da muka yi muna sujada a ƙarƙashin rumfa, kuma gaskiya da na ji ƙararrawa ta buga da safen nan sai da hawaye suka zubo min.

Wanda bai sani ba, iska ce ta yaye rufin ɓangaren bagade da daddare, ruwa ya shiga har ɗakin da Rabaran ke sa kayan sujada, da kafintoci suka hau sama kuma suka tarar gara ta riga ta cinye katakon, wato dama muna zaune ne a ƙarƙashin haɗari bamu sani ba. A taron farko wasu suka ce a rushe kawai a gina babba ta zamani. Ban ga laifinsu ba, wurin ya yi mana kaɗan, amma ni dai zuciyata bata yarda ba, kuma na gode wa Allah da dattawan ikilisiya suka tsaya kan a gyara.

Domin da aka ɓare filastan bango ne muka ga tarihinmu da idonmu. Wancan ɗan ɗakin na kayan sujada ashe shi ne majami'ar farko gaba ɗayanta, ga alamar tsohuwar ƙofa da aka toshe, faɗinta da kyar mutum biyu su wuce tare. Daga nan aka ja bango aka yi wurin zaman jama'a, tubalin ma daban ne, sannan daga baya aka ƙara baranda da wurin rataye ƙararrawa. Wani tsoho cikinmu ya dafa wurin da tubali biyun suka haɗu yace nan babansa ya tsaya da aiki ranar da kuɗi suka ƙare, sai da shekara ta zagayo aka ci gaba. Kowa yayi tsit.

Godiya ta musamman ga matasan da suka shiga cikin ruwan nan da tocila suka fito da akwatin rajista. Wannan akwatin ba ƙaramin abu bane a ɗarikar Anglika, tun 1538 Thomas Cromwell, babban ministan Sarki Henry na Takwas, ya bada umarni a Ingila cewa kowace ikilisiya ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, a ajiye littafin a akwati mai makulli biyu, ɗaya hannun limami ɗaya hannun masu kula da majami'a, kuma abin da muka gada ke nan. Littafi ɗaya ya jiƙe sosai, iyayenmu mata suka zauna kwana da kwanaki suna buɗe shi shafi shafi suna sa farar takarda a tsakani a inuwa, don an ce rana zata lalata tawadar. A nan na ga sunan kakata da ranar baftismarta, da rubutun hannun wani katikis da ban taɓa sani ba, tawadar ta ɗan baje amma ana karantawa.

Iyayenmu na ƙungiyar mata, Allah ya saka muku. Mary Sumner ma da ta fara wannan ƙungiya ta Mothers' Union a 1876 matar limamin wata ƙaramar ikilisiya ce a ƙauyen Old Alresford a Ingila, kuma ku kun nuna mana haka abin yake har yanzu, ku ne ɗebo ruwan gini, ku ne baiko na biyu duk mako.

Mun gode wa Baba Akidikin, babban limamin da ke kula da ikilisiyoyin yankinmu, da ya zo duba ginin ya hana a matsar da kwamin baftisma daga bakin ƙofa lokacin da magina suka so kai shi gaba don a sami fili, yace ta baftisma ake shiga ikilisiya shi yasa yake nan. Mun gode wa Baba Rabaran da Mama, mawaƙa, kafintoci da birkiloli da suka rage kuɗin aikinsu, 'yan uwa na nesa da suka turo gudummawa, da maƙwabtanmu da ba ma 'yan majami'ar bane amma suka ara mana kujeru da tsani.

Tagogi biyu na gefen hagu har yanzu leda ce a jiki, kuma littattafan addu'a da yawa sun lalace ba za su gyaru ba, duk mai tsoho a gida da baya amfani da shi don Allah ya kawo ranar Lahadi ya miƙa wa masu tsaron ƙofa.