Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a kan lalurar Auta

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki, na nan Garwa da na nesa. Alhamdulillahi, fuskar Auta ta washe. Jiya ina mata kitso na juya kumatunta wajen haske, sai da na yi ta dubawa kafin na gane inda tabon yake a da. Tunda a bainar jama'a aka yi ta maganar, a bainar jama'a zan yi godiyata.

Cikin Disamba abin ya fara, da hunturu ya kankama. Wani fari-fari ya fito mata a kunci kamar an shafa toka, daga baya biyu suka ƙaru, ɗaya a goshi ɗaya a gefen baki. Kowa da tasa fassarar. Wannan ta ce ƙyasbi ne, waccan ta ce tsutsar ciki, har ranar da wata ta furta kalmar da ta raba ni da barci, wai kuturta. Kafin mako ya zagayo yara sun daina sa hannu a kwano ɗaya da ita. Yarinya 'yar shekara 7 ta koma jan hijabi har kan hanci. Cikin ruɗewa na sayo wani man shafawa a kasuwa, sefa 1,500, mai shi yana rantsuwa kwana uku zai share. Wurin ya ƙara haske, ƙananan ƙuraje suka feso. Har yau in na tuna da hannuna na shafa mata, raina yana ɓaci.

Godiyata ta farko ga Goggo, yayar maigida, da ta taso tun daga Pitowa. Tana ganin fuskar ta karɓe man ta ɗaure a bakin zane, ta ce, "Ɗauko mayafinki, asibiti za mu." Goggo, Allah Ya ƙara girma, Ya bar zumunci.

Sai likitan da ya duba ta, wanda bai yi mana gaggawa ba duk da layin da ke bakin ƙofarsa. Ya ce Auta ta rufe ido, ya ɗauki auduga yana taɓa tabon a hankali yana cewa, "'Yata, nuna mini inda kika ji." Duk inda ya taɓa sai ta kai yatsa daidai. Ya lalubi jijiyar gwiwar hannunta, ya kankaro ɗan ɓawon fatar aka kai awo. Sannan ya dube ni ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki." Ya ce tabon kuturta yawanci ba ya jin taɓi, kuma ko da ita ce, maganinta kyauta ne, a sha wata 6 ko 12 a warke. Ƙyasbi kuwa ƙwayar cuta ce mai son gumi, awo bai nuna ta ba. Nata bushewar fata ce da suke kira fitiriyasis alba, ta fi kama yara daga shekara 3 zuwa 16, kuma ba a ɗauka. Rana ce ke ƙara wa fatar da ke kewaye duhu, shi ya sa da zafin Maris ya shigo tabon ya fi fitowa fili. Man da na sayo kuwa, ya ce akwai kotizon mai ƙarfi a ciki, irin wanda ke cinye fatar fuskar yaro. Likita, Allah Ya saka da alheri, Ya jiƙan mahaifa.

Abin da ya ɗora mu a kai ba shi da tsada. A daina sabulu mai kaifi da dirza da soso, wanka da ruwa mai ɗumi, a shafa man kaɗanya ko Vaseline safe da yamma tun jiki yana da danshi. Sai haƙuri, don ya ce wani yakan kai shekara. Haƙurin nan shi ya fi komai wuya. Ya kuma ja kunnena cewa in tabo ya yi fari fat kamar madara, ko yaro bai ji taɓi a wurin ba, a koma asibiti ba jira.

Malam na Islamiyya, ba zan manta ba. Kai ka zaunar da Auta kusa da 'yarka, ka kira iyaye ka faɗa musu abin da likita ya ce. Allah Ya ƙara ilimi mai amfani. Maƙwabciyata da ba ta taɓa bari kwalbar man kaɗanyarmu ta ƙare ba, na gode. Maigida, sannu da ɗawainiya. Waɗanda maganarsu ta sosa mini rai kuwa, na san tsoro ne ya sa, na yafe har ga Allah.

Auta, ke ma na gode miki, 'yar albarka. Yau da safe har ta kai ƙofar gida, fuska a buɗe, sai ta juyo da gudu ta ce, "Umma, ba ki shafa mini mai ba."